Yumɓun Roba, Yumɓu Mai Bushewa da Iska ko Rezin: Wanne Ya Dace da Mai Son Ƙera Duwatsun Ado a Gida?

Sayen duwatsu a kasuwa a jera su a zare sana'a ce mai zaman kanta, amma ƙera dutsen da hannu, tun daga launinsa da girmansa har zuwa hudarsa, wani aiki ne dabam, kuma tambayar farko da mai sha'awarsa zai ci karo da ita ita ce da me zai yi shi. Gilashi ne abin da aka fi sani a yankinmu, domin masu aikin gilashi na unguwar Masaga a Bida sun daɗe suna narka shi suna yin duwatsu da awarwaro, mutanen Krobo na ƙasar Ghana kuma suna daka kwalabe su zuba garin a mazuban yumɓu, su tsaya da karan rogo a tsakiya domin ya ƙone ya bar huda. Sai dai wannan aiki yana buƙatar wuta mai ɗaruruwan digiri da tanderu na musamman da shekarun koyo a hannun gwani, don haka ba abin da za a fara a ɗaki ba ne. Abin da ya rage wa mai son yi a gida abu uku ne: yumɓun roba da ake gasawa, wanda ake kira yumɓun folima, da yumɓu mai bushewa da iska, da kuma rezin, wato wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya zama roba mai tauri.

Ra'ayina shi ne, ga duk abin da za a saka a jiki a yi yawo da shi, yumɓun roba ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi guda, wato mutum ya kasance yana da hanyar daidaita zafin gashi. Wanda ba shi da wannan hanya, gara ya fara da wani abu har ya same ta. Dalilin fifikon kuwa yana cikin rayuwar da abin ado yake yi bayan ya bar hannun mai yinsa. Abin hannu yana haɗuwa da ruwan alwala sau da yawa a yini, abin wuya yana shan gumi da turare, jigida tana shiga wanka, carbi kuma yana gogayya da yatsu safe da yamma. Kayan da bai jure waɗannan ba, komai kyansa ranar da aka gama shi, ba zai yi ƙarko ba.

Yumɓun roba ba yumɓun ƙasa ba ne. Garin robar PVC ne, irin wadda ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa shi da wani mai da ke sa shi laushi, aka zuba launi. Idan ya ji zafin da ya dace, ƙwayoyin robar sukan shanye man su narke su haɗe da juna, sai ya zama abu guda mai ƙarfi wanda ruwa ba ya ratsawa. Asalinsa daga Jamus ne, inda Fifi Rehbinder, 'yar fitacciyar mai ƙera 'yartsana Käthe Kruse, ta inganta wani haɗi ta riƙa sayar da shi, kafin kamfanin Eberhard Faber ya saye shi ya fitar da shi da sunan Fimo a 1966. Yau kamfanin Staedtler ne ke yin Fimo. A Amurka ma, a shekarun 1960, wani haɗi da aka yi domin amfanin taransifomar lantarki bai yi aikin da aka so ba, sai ya koma yumɓun da ake kira Sculpey.

Babbar falalarsa ga mai koyo ita ce ba ya bushewa. Mutum zai iya fara dutse da safe, hidimar gida ta ɗauke shi, ya dawo bayan la'asar ko bayan mako guda ya tarar da aikin yadda ya bar shi, matuƙar ya rufe shi daga ƙura. Idan siffar ba ta yi ba, sai a dunƙule a sake. Amma kafin a fara siffantawa dole a murza shi sosai, domin yana fitowa daga leda da tauri, wani ma yana marmashewa. Ana yanka shi sirara-sirara da reza, a matsa tsakanin tafuka, a naɗe, a miƙe, a sake naɗewa, har sai an lanƙwasa shi bai tsage a gefe ba. Wannan murza ita ce ke gajiyar da hannu, kuma a nan ne injin taliya yake da amfani, domin shi ne abin da masu wannan aiki a ko'ina suke amfani da shi wajen laushi da kuma fitar da faifai mai kauri ɗaya. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da shi saboda taliyar murji, amma injin da ya taɓa yumɓun roba bai kamata ya koma kicin ba, don haka a ware masa nasa.

Abin da ya sa mutane suke maƙalewa da wannan yumɓu shi ne launi yana cikin jikinsa, ba fenti aka shafa masa ba, kuma launukan suna gaurayuwa da juna su haifar da sabo. Da ja da shuɗi da rawaya da fari da baƙi za a iya fitar da kusan duk launin da ke jikin atamfa. Akwai wata dabara da Judith Skinner ta fito da ita a shekarun 1990, inda ake haɗa faifai biyu masu kusurwa uku, kowanne da launinsa, a ninke a riƙa bi da su ta cikin inji, har launin ya riƙa sauyawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an ga iyaka ba. Sannan akwai aikin sanda, wanda shi ne ya fi burge ni. Ana jera igiyoyin yumɓu masu launi dabam-dabam a tsaye, misali rawaya a tsakiya, jajaye biyar kewaye da ita, baƙi ya naɗe su duka, sai a sami gajeriyar sanda mai kauri wadda fuskarta fure ne. A riƙa matsa ta daga tsakiya ana ja a hankali, tana tsawo tana sirancewa, furen yana ƙanƙancewa amma ba ya ɓacewa. Kamar rake ne, duk inda aka sara fuska ɗaya za a gani. Sai a yanyanka ta sirara a lulluɓe dunƙulen yumɓu da su, a mulmula har gaɓoɓin su ɓace. An aro dabarar ne daga masu gilashin Murano da ke Benis a Italiya, waɗanda duwatsunsu masu furanni suka shigo Afirka ta Yamma da yawa ta hanyar fatauci. Yumɓu mai bushewa da iska ba ya ba da lokacin yin wannan, rezin kuwa ruwa ne, ba a ma maganarsa.

Gashi shi ne inda aikin yake gyaruwa ko ya lalace, kuma a nan ne sharaɗin da na ambata yake. Kowane kamfani yana rubuta zafin da yumɓunsa ke so a jikin leda. Fimo yana son digiri 110 a ma'aunin Selshiyos na minti 30, Premo yana son 130 na minti 30 ga kowane kaurin milimita 6, Cernit yana tsakanin 110 da 130, Kato kuma yana son kusan 150. Idan zafin bai kai ba, dutsen zai fito da tauri a ido, amma cikinsa bai haɗe ba, sai ya karye a hannun wadda ta saya bayan 'yan kwanaki. Mafi yawan kukan da ake yi cewa yumɓun roba ba shi da ƙwari, daga nan yake fitowa. Idan kuma zafin ya zarce har ya kai wajen digiri 175, yumɓun zai fara ƙonewa, ya yi baƙi, ya fitar da hayaƙi mai yaji da ke cutar da ido da maƙogwaro. Tsawaita lokaci a zafin da ya dace ba ya cutar da shi, yana ma ƙara masa ƙarfi, shi ya sa gwanaye da yawa suke barin aikinsu minti 45 ko sa'a guda. Zafin ne ba a wasa da shi. Lambobin da ke jikin maɓallin tanderu ba abin dogaro ba ne, musamman ƙananan tanderun lantarki da ƙarfensu ke yin ja ya huce, ya sake yin ja. Saboda haka ma'aunin zafi na cikin tanderu, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yumɓun da zai ceta, yana gaba da kowane kayan aiki a jerin sayayya.

Ƙaramin tanderun lantarki ya fi sauƙin daidaitawa, amma yana buƙatar wutar da za ta tsaya sa'a guda. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya ba a yi asara ba, domin ana iya sake gasa yumɓun daga farko, har sau da yawa ma, sai dai kada a ɗauka ya gasu. Tanderun gas ba ruwansa da ɗaukewar wuta, amma da yawansu mafi ƙanƙantar wutarsu ta fi abin da Fimo ke so, don haka mai irin wannan tanderu ya fi dacewa ya zaɓi yumɓu mai son zafi sosai, ya kuma gwada tanderun babu komai a ciki yana duba ma'auni kafin ya saka aikinsa. Tukunya da yashi, yadda ake gasa kek a kan risho ko gawayi, ba na ba da shawararta ga mai farawa, domin ƙasan tukunya yana zarce ƙima cikin 'yan mintoci ba tare da an sani ba. Ko a wane tanderu ne, a ɗora aikin a kan tayil, a kifa masa faranti ko takardar alminiyom domin wuta kada ta taɓa shi kai tsaye, tun ba fari da mai garai-garai ba, waɗanda su ne ke saurin yin ja. Dutse mai zagaye idan aka ajiye shi a kan tayil zai sami tabo mai sheƙi a inda ya zauna, don haka a soke shi a waya a rataye, ko a binne shi a cikin garin sitacin masara a wanke bayan ya huce.

Manyan kamfanoni sun daina amfani da sinadaran laushi na fitalet da aka yi ƙorafi a kansu a shekarun 2000, kuma yumɓunsu ba guba ba ne idan an gasa shi yadda aka ce. Duk da haka ba a yin kofi ko cokali ko wani abin cin abinci da shi, ana wanke hannu bayan aiki, ana buɗe taga lokacin gashi. Abin da ya fi damun mai aiki a arewa shi ne ajiya. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, yumɓun da aka bari a mota ko kusa da taga ko a shago mai rufin kwano yana iya fara gasuwa a cikin ledarsa, kuma wanda ya gasu rabi ba ya dawowa. Wanda tsufa kawai ya sa shi tauri ana iya farfaɗo da shi da 'yan ɗigon man jarirai da haƙurin murza. Saboda haka idan za a saya a shago, a matsa gefen ƙullin da yatsa, in ya ɗan lotsa to yana da rai. A gida kuma a ajiye shi a wuri mafi sanyi, cikin ledarsa, domin ɗanyen yumɓu yana cin wasu robobi masu tauri da garai-garai har ya manne da su. Zafin hannu ma yana sa shi ya yi laushi fiye da kima, kuma sanda mai laushi ba ta yankuwa da kyau, sai an sa ta a firji na ɗan lokaci.

Yumɓu mai bushewa da iska ya kuɓuta daga duk wannan wahala ta wuta, kuma wannan ba ƙaramar falala ba ce. Iri biyu ne suka shafe mu. Akwai na kanti, irin su DAS na Italiya, wanda ke zuwa fari ko ja, a siffanta shi a bar shi kwana ɗaya zuwa uku ya bushe, sannan a yi masa fenti. Yana da araha a kan nauyinsa, yana da kyau wajen yin ƙananan faranta na ajiye zobe ko adon bango, amma a matsayin dutsen ado ba shi da ƙwari: bakin huda yana gutsurewa, siriri yana karyewa, fentin kuma yana goguwa a inda duwatsu ke haɗuwa da juna. Ga abin sakawa, ba na ganin ya cancanci a ɓata masa lokaci.

Na biyun shi ne wanda ake dafawa a gida da sitacin masara da farin gam na kafintoci, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Ana haɗa kofi ɗaya na sitaci da kofi ɗaya na gam, a zuba cokali ɗaya ko biyu na man jarirai da kwatankwacinsa na ruwan lemon tsami ko binega domin kada ya yi fumfuna, a ɗora a wuta kaɗan ana tuƙawa har ya dunƙule ya bar jikin tukunya. Idan ya ɗan huce sai a shafa mai a hannu a murza shi har ya yi sumul, a ɗaure a leda ya kwana. Abin da ake samu yana da laushi ƙwarai, yana miƙuwa ya yi siriri har haske ya ratsa shi, don haka babu kamarsa wajen yin ganyen fure. Yana karɓar launi idan an murza masa fenti kaɗan, kuma idan ya bushe ya fi na kanti ƙwari sosai. Duk kayan haɗinsa ana samunsu a kowace kasuwa, ba sai an jira wani ya shigo da su daga waje ba. Aibinsa na farko shi ne yana tsukewa, yakan rage tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na girmansa, launinsa ya ƙara duhu, hudar ta matse, kuma dutse mai kauri yakan tsage saboda bayansa ya riga cikinsa bushewa. Da hunturu yana bushewa a hannu tun ba a gama siffanta shi ba, da damina kuma sai ya ƙi bushewa.

Aibinsa na biyu shi ne wanda ba shi da magani na dindindin. Sitaci da farin gam duka ruwa yana jiƙa su, don haka dutsen da ya bushe yana komawa ya yi laushi da danƙo idan ya daɗe a jiƙe. Man sheƙi yana kare shi, amma kariyar fata ce kawai a bayansa, kuma wurin da ta fi rauni shi ne cikin huda, inda buroshi ba ya isa sosai kuma zare ke gogawa kullum. Ta nan ruwa yake shiga. Wannan ya sa iyakarsa 'yan kunne da abin maƙala mayafi da adon ɗankwali da furannin da ake jerawa a kan kayan lefe, abubuwan da ba sa haɗuwa da ruwa. Wanda ya yi abin hannu ko jigida da shi ya sayar, ya sayar da abin da zai dawo masa da ƙorafi.

Rezin wata duniya ce dabam, domin ba a mulmula shi, zuba shi ake yi. Akwai mai kwalba biyu da ake gaurayawa bisa awon da kamfani ya rubuta, ya ɗauki yini guda zuwa uku kafin ya daskare, kuma idan awon ya kauce zai zauna da danƙo har abada. Akwai kuma mai kwalba ɗaya da ke daskarewa cikin mintoci a ƙarƙashin fitilar UV, wato fitila ta musamman mai wani irin haske da ke cikin hasken rana, ko a ranar kanta, amma sai a sirara, kuma launi mai duhu yana hana haske ratsa shi. Abin da rezin yake yi wanda sauran ba sa iyawa shi ne garai-garai irin na gilashi, har a binne busasshen fure ko ƙyalƙyali a ciki a riƙa hango shi. Ruwa ba ya yi masa komai. Amma siffarsa tana hannun mazubin silikon (wata roba mai laushi) da aka saya, ma'ana duk wanda ya sayi irin mazubin zai fitar da irin dutsen, kuma dutse mai zagaye yakan fito da tabo a bakin da aka zuba, sai an goge. Ƙura abokiyar gabarsa ce, domin duk abin da ya sauka a kansa kafin ya daskare ya zauna ke nan, kuma mai aiki da hunturu ya san abin da wannan yake nufi. Yana yin rawaya idan ya daɗe yana shan rana. Mafi muhimmanci, ɗanyen rezin yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburin fata wanda idan ya kama mutum ba ya rabuwa da shi, don haka safar hannu da iska mai ratsa ɗaki wajibi ne, kuma ba aikin da za a yi a inda yara ke wasa ba ne. A ganina wurinsa mafi kyau shi ne mataimaki, wato a shafa shi siriri a fuskar ɗan kunnen yumɓun roba domin ya ba shi ƙyalli.

Ta fuskar kuɗi, na sitaci ya fi kowanne sauƙi, wannan ba gardama. Yumɓun roba daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin canjin kuɗi, kuma ƙullin yana da ƙanƙanta a ido, giram 56 ko 57 ne a yawancin kamfanoni. Amma a yi lissafi da dutse, ba da ƙulli ba. Dutse mai faɗin santimita 1 bai kai giram 1 ba, don haka ƙulli guda zai ba da fiye da 60, wato ya ishi carbi mai 33 har da saura, biyu kuma su ishi mai 99. Babu abin da ake zubarwa, domin ragowar launuka da suka cakuɗe suka zama toka-toka su ake dunƙulewa a yi cikin dutse, a lulluɓe shi da launi mai kyau. Manyan duwatsu kuma ana iya yi musu ciki da dunƙulen takardar alminiyom. Nauyinsa kusan rabin na gilashi ne, abin da ke da amfani ga mai son manyan 'yan kunne ba tare da sun ja kunne ba.

Wanda ya yanke shawara a kan yumɓun roba, saura zaɓin iri, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren sayen mafi laushi saboda ya fi daɗin taɓawa. Sculpey III yana da laushi da launuka masu yawa, amma yana karyewa idan ya yi siriri, don haka bai wuce dunƙulallun duwatsu ba. Premo, wanda kamfani ɗaya ne ke yin sa da Sculpey III, yana tsaka-tsaki wajen tauri, yana da ƙwari bayan gashi, yana riƙe zanen sanda, kuma shi nake ganin ya fi dacewa da wanda zai sayi iri ɗaya tak. Soufflé ba shi da nauyi, fuskarsa ba ta sheƙi, ba ya nuna sawun yatsa sosai, shi ya sa masu 'yan kunne suke son sa, sai dai ba ya ɗaukar ƙyalli ko an goge shi. Fimo Soft yana da sauƙin murzawa, amma a ɗaki mai zafi yakan yi laushi har zane ya cakuɗe, yayin da Fimo Professional yake da tauri, yana wahalar da hannu da farko, sannan ya saka wa mai haƙuri da layuka masu kaifi. A yanayinmu taurin nan riba ce, domin zafin ɗaki yana yi wa mutum rabin murzar. Cernit, wanda ake yi a Beljiyam, ya yi suna wajen mai garai-garai, kuma da shi ake kwaikwayon duwatsu masu daraja, amma yana saurin yin danƙo a hannu mai ɗumi. Kato, wanda aka yi shi da haɗin gwiwar mai fasaha Donna Kato a Amurka, ya fi su duka tauri, yana da warin roba da wasu ba sa so, amma son zafinsa ya sa ya dace da tanderun gas.

Akwai kuma kwalaye masu launuka 24 ko 50 marasa sanannen suna da suka cika kasuwannin intanet da araha. Wasu suna da kyau, wasu suna da mai da yawa har suna manne wa yatsa, wasu kuma ba yumɓun gashi ba ne sam, irin na wasan yara ne da ke narkewa a wuta. Hanyar ganewa ɗaya ce ga kowane iri, mai suna da marar suna. A murza ɗan faifai mai kaurin milimita 2 da tsawon yatsa, a gasa shi da ma'auni a gefe, a bar shi ya huce sarai, sannan a lanƙwasa shi. Mai kyau da ya gasu zai lanƙwasu ya dawo, domin roba ce, ba a son ta da taurin tangaran. Idan ya karye nan take, ko dai zafin bai kai ba, ko yumɓun ba na ado ba ne. A ƙara lokaci a sake gwadawa, in ya sake karyewa an san inda laifin yake. Idan laushi ne ya yi yawa, a matse faifan tsakanin fararen takardu biyu na 'yan sa'o'i, takardar za ta tsotse rarar man.

Wajen ƙarasawa ma yumɓun roba ya fi sauƙi, domin ba ya buƙatar a shafa masa komai. Ana goge shi da samfefa mai laushi a cikin ruwa, daga lamba 400 zuwa 600 zuwa 800 har 1000, sannan a murje shi da tsumman jins, sai ya yi sheƙi mai sanyi wanda ba ya ɓarewa. Ga carbi da abin hannu wannan ya fi kowane man sheƙi, domin man shi ne ke dusashewa idan turare mai sifirit ya taɓa shi. Jan farce marar launi da fentin feshi kuwa a guje su, da yawansu suna komawa danƙo a jikin wannan yumɓu bayan 'yan makonni. Huda ana iya yin ta da allura kafin gashi, a soko daga kowane gefe ana juyawa domin dutsen kada ya lotse, ko a huda bayan gashi da ƙaramin bakin diril a hannu, wanda ya fi ba da huda mai tsabta.

Wadda ke da tanderu a gida, ta sayi ma'aunin zafi, da ƙulli biyar na Premo ko Fimo Professional, da tayil guda, da reza, da kwalba mai santsi ta murzawa, ta bar injin taliya da mazubai sai hannunta ya faɗa. Aikinta na farko ya zama duwatsu masu launi ɗaya da girma ɗaya, domin daidaita girma ya fi zane wuya: a murza igiya mai kauri ɗaya, a auna da rula, a yanka daidai, sannan a mulmula. Wadda ba ta da tanderu ta dafa na sitaci ta koyi siffantawa da haɗa launi a kan 'yan kunne da furanni, domin hannun da ya saba da wannan ba zai sha wuya ba ranar da ya koma wancan. Yara ƙanana kuma a ba su mai bushewa da iska, a bar gashi da reza a hannun manya. Ƙarfen da za a maƙala wa ɗan kunne ya kasance wanda ba ya tsatsa kuma ba ya sa kunne ƙaiƙayi, kuma maimakon a dogara da gam mai kamawa nan take, wanda ke ɓallewa bayan ɗan lokaci, a rufe gindin ƙarfen da siririn faifan yumɓu a sake gasawa.